Kadon Amurka: yadda iyaye za su kai yara kallo su dawo gida lafiya

A kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, hukumar kula da kifaye da namun daji ta jihar Florida, a kudu maso gabashin Amurka, takan fara jan kunnen jama'a game da aligato, wato kadon da ke zaune a tabkuna da fadamun yankin. Daga wannan wata har zuwa Satumba ne dabbar ta fi yawo: zafi ya shigo, lokacin barbara ya zo, daga baya kuma matan su yi ƙwai su tsaya gadinsa. Lokacin ya yi daidai da babban hutun ƴan makaranta, sa'ad da iyalai ke kwasar yara zuwa wuraren shaƙatawa.

Maganar ta shafi ƴan Nijar mazauna Amurka, irin na garin Greensboro a jihar Carolina ta Arewa, da ƴan'uwansu masu zuwa ziyara daga Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Baƙo bai san cewa ɗan tabkin da ke bayan otel ko gefen filin wasa yana iya ɓoye dabba mai tsawon metir 3 ba. Ana iya kallon aligato tare da yara a dawo lafiya, dubban iyalai na yin haka kowane mako, amma akwai ƙa'idojin da suke kiyayewa.

Wane irin kado ne aligato?

Aligato ɗan'uwan kadon Afirka ne, amma ba jinsinsu ɗaya ba. Iri biyu ne kawai a duniya: na Amurka, da wani ƙarami da ya rage a yankin kogin Yangtze na ƙasar Sin. Babu aligato a dazuzzukan Afirka. Sunan ya samo asali daga kalmar Sifaniyanci mai ma'anar ƙadangare.

Ana gane shi da baƙin jiki da faɗin baki mai zagayen gaba. In ya rufe baki, haƙoransa na ƙasa ba sa fitowa. Kadon Afirka kuwa bakinsa ya fi tsini, kuma ana ganin babban haƙorinsa na ƙasa ko da bakin na rufe. Aligato na da haƙora 74 zuwa 80, in ɗaya ya faɗi wani ya tsiro. Mace ba ta cika wuce metir 3 ba, namiji kuwa yana kai metir 4 har ya ɗara. Mafi tsawo da aka auna a Florida ya kai kimanin metir 4 da santimetir 35, mafi nauyi kuma kilo 473.

Mazauninsa ya taso daga gaɓar tekun Carolina ta Arewa, ya bi ta Georgia da Florida da Louisiana har gabashin Texas. A 1967 an saka shi cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa saboda farautar fatarsa. Bayan shekaru 20 na kariya, a 1987, aka bayyana cewa ya farfaɗo. Yau Florida kaɗai na da kimanin miliyan 1 da dubu 300, a dukan gundumominta 67, Louisiana kuma fiye da miliyan 2. Shi ya sa mazauna yankin ke ɗaukar duk wani ruwan daɗi, tabki ne ko magudana ko kududdufi, a matsayin gidan kado har sai an tabbatar da akasin haka.

Girman hatsarin

Aligato bai ɗauki mutum abinci ba. Cimarsa kifi ce da kunkuru da macizai da tsuntsaye da ƙananan dabbobi, kuma a bisa ɗabi'a yana gudun ɗan Adam. Tun 1948 da Florida ta fara ajiye lissafi, an rubuta cizo sama da 450 da ba tsokana ta jawo su ba, waɗanda suka mutu kuma kusan 30 ne. A shekarun baya-bayan nan, kimanin mutum 8 ne a shekara ke samun cizon da ke buƙatar likita, a jihar da mazaunanta suka haura miliyan 20.

Wani bincike da masana na jami'ar Florida suka fitar a 2025 ya bi diddigin hare-haren da aka rubuta a Amurka, ya gano cewa a kashi 96 cikin 100 akwai sakaci ko ganganci daga ɓangaren mutum kafin cizon: iyo a ruwan da aka san da kado, tsayawa dab da bakin ruwa, ko yawo da kare a gefen tabki. Ke nan mafi yawan hatsarin yana hannun mutane, kuma ana iya kauce masa.

Dalilin da ya sa yaro ya fi shiga hatsari

Aligato mafarauci ne na kwanton ɓauna. Yakan nutse ya bar idanu da hanci kawai a saman ruwa, wani lokaci ma ya ɓace gaba ɗaya har fiye da awa guda. A gefen muƙamuƙinsa akwai ƴan ƙananan ɗigo-ɗigo masu jin motsin ruwa, ko da ƙanƙane ne. In ya ji fantsama, yakan matso a hankali, sa'an nan ya yi wuf da ƙarfin wutsiyarsa. Abin da yake aunawa shi ne girma: zai iya rinjayar wannan abu ko kuwa? Babban mutum a tsaye ya fi ƙarfin yawancin kadoji. Yaro ɗan shekara 2 ko 3 da ya tsuguna a bakin ruwa kuwa, girmansa bai wuce na dabbobin da kadon ya saba kamawa ba.

Abin da ya faru ke nan ranar 14 ga Yunin 2016 a wani otel na Disney kusa da birnin Orlando. Wajen ƙarfe 9 na dare, wani yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka zo hutu daga jihar Nebraska, yana ɗibar yashi da bokiti a ruwan da bai wuce idon sawu ba, sai aligato ya fizge shi. Mahaifinsa na kusa, ya yi kokawa da dabbar, amma bai iya ƙwato shi ba. Washegari aka samo gawarsa. Allunan da ke wurin a lokacin sun hana iyo, ba su ambaci kado ba. Bayan haka kamfanin ya kafa sababbin allunan gargaɗi da shingaye a bakin ruwan.

Yaron ba iyo yake yi ba, kuma ba shi kaɗai aka bari ba. Abubuwa uku ne suka haɗu: ƙaramin jiki, bakin ruwa, da duhu. Rashin allon gargaɗi kuma ba shaida ba ce cewa ruwa ba shi da kado.

Inda ake kallo, da tazarar da ake bari

Wurin da ya fi dacewa da iyali shi ne gandun dajin da ke da ma'aikata da hanyoyin da aka tanada. Mafi shahara shi ne Everglades a kudancin Florida, wanda aka kafa a 1947, mai faɗin fiye da murabba'in kilometir 6000. A cikinsa akwai hanyar ƙafa ta Anhinga, wadda tsawonta ya ɗan wuce kilometir 1, wani ɓangarenta gada ce ta katako bisa ruwa. Akwai kuma Shark Valley, zagayen kilometir 24 da ake bi da keke ko da motar ƴan yawon buɗe ido, tare da hasumiyar hange a tsakiyar tafiya. A Georgia akwai fadamar Okefenokee, a Texas kuma gandun Brazos Bend kusa da Houston.

Dokar Everglades ita ce a bar tazarar kusan metir 5 tsakanin mutum da kado, kwatankwacin tsawon mota ƙirar Hilux. A Brazos Bend ana neman metir 9. Mai tafiya da yara ya ɗauki babbar tazarar. A Shark Valley kadoji kan kwanta a gefen kwalta, wani lokaci a tsakiyarta. In babu sararin da za a zagaye da nisa, a tsaya a jira, ko a koma a sanar da ma'aikacin gandun. Ba a ratsawa tsakanin kado da ruwa, domin nan ce hanyar gudunsa, kuma duk abin da ya tare ta zai ture shi.

Kafin a fita daga mota, a faɗa wa yara doka cikin kalmomi kaɗan: ba gudu, ba jifa, ba tsugunawa a bakin ruwa, ba wuce babba. Jariri a goya shi, ƙaramin yaro a riƙe hannunsa, babba kuma ya bi ta ɓangaren ruwa ya sa yaron ta ɓangaren tudu. In iyalin na da yawa, a raba yaran tun farko, kowane babba ya san nasa. A taron jama'a ne aka fi sakin yaro, saboda kowa na zaton wani na kallonsa.

A kan gadar katako, kada a ɗora yaro bisa ƙarfe ko katakon kariya don ya hango da kyau, kada kuma ya zura hannu ko ƙafa ta tsakanin sanduna. Haka a cikin jirgin ruwa: hannuwa su zauna ciki. Abin da ya faɗa ruwa, hula ce ko takalmi ko wayar salula, an bar shi ke nan. Mai son hoto ya jawo shi da na'urar waya daga inda yake tsaye. Juya wa kado baya don a fito tare da shi a hoto ganganci ne, balle a tura yaro ya matsa kusa.

Lokacin da ya dace

Aligato ba ya samar wa jikinsa ɗumi, zafin gari ne ke tafiyar da shi. Ya fi kuzari in ma'aunin zafi na tsakanin digiri 28 da 33. In ya sauko ƙasa da 21 yakan daina neman abinci, ƙasa da 13 kuma ya lafe. Farautarsa daga almuru ce zuwa wayewar gari. Saboda haka hantsi zuwa la'asar ne lokacin kallo, kafin magariba kuma a janye yara daga duk wani bakin ruwa. Wanda ya haska tocila bisa tabki da dare zai ga jajayen idanu bibbiyu a inda da rana bai ga komai ba.

A Everglades, lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne mafi kyau. Ruwa na janyewa, dabbobi na taruwa a ƴan wuraren da ya rage, ana ganinsu daga nesa ba tare da an kutsa cikin ciyawa ba, sauro ma ya yi sauƙi. Iyo kuwa sai a wurin da hukuma ta keɓe, kuma da rana.

Me ya sa aka hana ba shi abinci?

Yara na son jefa wa dabba abinci, kuma a nan ne iyaye suka fi sassauci. A Florida ciyar da aligaton daji laifi ne da ake cin tara a kansa, mai maimaitawa kuma yana iya fuskantar ɗauri. Dalili shi ne tsoron mutum ne ke kare mutum. Kadon da aka jefa wa burodi ko nama sau biyu sau uku yakan haɗa ganin mutum da samun abinci, sai ya daina gudu, ya fara nufo duk wanda ya tsaya a gaɓa. Hausawa na cewa: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Wanda ya ciyar ya tafi abinsa, yaron wani da zai zo bayan mako guda shi ne zai gamu da dabbar.

Jifa da dutse ko kara ma na cikin wannan, domin fantsamar ruwa kira ce gare shi. Masu kamun kifi kada su zubar da kayan ciki a ruwa, kuma in an ci abinci a gaɓa a kwashe ragowar. Kare ma na jawo kado, saboda ya yi kama da abin farautarsa. A Fabrairun 2023, a garin Fort Pierce, wata dattijuwa mai shekara 85 ta rasa ranta sa'ad da aligato ya fito neman karen da take yawo da shi a bakin tabki. A hanyoyin ƙafa na Everglades an hana shiga da karnuka.

Ita ma dabbar tana asara. A Florida, aligaton da ya kai metir 1 da santimetir 20, kuma aka kai ƙara cewa yana barazana ga mutane, masu lasisi ne ke zuwa su kama shi. Yawanci kashe shi ake yi, domin in an kai shi wani wuri yakan nemi hanyar komowa. Dubbai ake cirewa haka kowace shekara.

Uwa da ƴaƴanta

A ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, macen takan tara ciyawa da laka ta yi tudu kusa da ruwa, ta saka ƙwai 32 zuwa 46 a ciki. Bayan kwana 63 zuwa 68 suke ƙyanƙyashewa, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. Ƴaƴan ba su wuce santimetir 20 ba, baƙaƙe masu ratsin rawaya, abin sha'awa ga kowane yaro. Amma uwar na kusa ko ba a gan ta ba, kuma takan zauna da su shekara guda ko fiye. In aka taɓa ɗaya yakan yi ɗan kuka, ita kuma ta taso. Mace mai gadi na cikin ƴan kadojin da ke iya biyo mutum bisa tudu. Wanda ya ga tulin ciyawa a gaɓa, ko tarin ƙananan kadoji, ya tattara yara ya ja baya ta inda ya fito.

Alamun da ya kamata a gane

Kadon da ya kwanta a rana baki buɗe, shan iska yake yi, yana rage zafin jiki. Rashin motsinsa ne ke ruɗar mutane su zaci barci yake ko ya mutu, alhali yana iya zabura cikin ƙiftawar ido. In ya yi huci mai ƙarfi, ya kumbura jiki, ko ya juyo ya fuskanci mutum, an matsa masa da yawa. A ɗaga yaro sama, a ja da baya a hankali ba tare da ihu ba. Wanda ke iyo kai tsaye zuwa wurin mutane maimakon ya nutse, alama ce an saba ba shi abinci; a bar wurin, a sanar da ma'aikata.

In ya taso bisa tudu, a gudu a miƙe, nesa da ruwa. Maganar da ake yaɗawa cewa a yi gudun karkace-karkace ba ta da tushe, ɓata lokaci ce. Aligato na da saurin zabura, amma ba ya jure dogon gudu. Ɗan shingen waya ma ba abin dogaro ba ne, an sha ganinsu suna haura shi.

In ya riga ya kama

Shawarar hukumomin Florida ita ce a yi faɗa, kada a lafe kamar an mutu. A doki hanci, a tsokane idanu, a yi ihu da duk ƙarfin da ake da shi. Sau da yawa yakan saki abin da ya ga ya fi ƙarfinsa, ko ya sassauta don ya gyara kamu, wannan ne lokacin zamewa. Ƙoƙarin buɗe bakinsa da hannu ba ya yi, domin ƙarfin muƙamuƙinsa na wajen rufewa. In yaro aka kama, babba ya riƙe shi ya hana a ja shi ruwa mai zurfi, wani kuma ya kai wa idanu da hancin dabbar duka.

Da an kuɓuta, a danne raunin da tsumma mai tsabta don tsayar da jini, a kira lamba 911 ta agajin gaggawa a Amurka. Ko raunin ƙarami ne sai an je likita, domin bakin kado da ruwan fadama cike suke da ƙwayoyin cuta masu saurin ruɓar da nama.

Sabon Bazoulé da Paga ba ya aiki a can

Mutanen Afirka ta Yamma da dama sun san kadojin Bazoulé, kimanin kilometir 30 daga Wagadugu, da na Paga a arewacin Gana, inda masu kula da tabkin ke kiran kado da kaza, baƙi su riƙe wutsiyarsa ko su zauna bisa bayansa a ɗauki hoto. Waɗannan kadojin Afirka ta Yamma ne, jinsin da binciken ƙwayoyin halitta na 2011 ya tabbatar ya bambanta da kadon Nilu, kuma ya fi shi sanyin hali. Sun tashi cikin mutanen garin da ke girmama su, ga kuma masu kula da suka san kowannensu. Wanda ya ɗauki wannan sabo ya kai Florida ya karya doka, ya kuma jefa kansa da ƴaƴansa cikin hatsari.

A Nijar akwai kado a kogin Isa da gandun dajin W, ana kuma ganinsa a gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama da ke Yamai. Jinsin daban ne, amma salon farautar ɗaya ne: ɓuya a ruwa, jiran abin da ya sunkuya a gaɓa, da fitowa in duhu ya yi. Don haka ƙa'idojin nan na da amfani ga mai kai yara gidan tarihin, inda bai kamata a ɗora yaro bisa katangar ramin kado ba, da kuma iyalan bakin kogi da ke aika yara ɗibar ruwa ko wanki. A duk inda aka san da kado, a aika su da rana, tare da babba, kuma ƙaramin cikinsu ya tsaya bisa tudu.